Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokoki Ta Ƙasa: Haƙƙin Abinci Yana Takarda, Bai Iso Tukunya Ba

Masu girma sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, assalamu alaikum.

Masu wannan wasiƙa mutane ne da sana'a ta haɗa su da hatsi: 'yan kasuwa, masu kula da ɗakunan ajiya, malaman gona, da ma'aikatan lafiya masu auna yara. Magana ɗaya ce ta kawo mu. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki da ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da haƙƙin samun abinci ga 'yan Najeriya. Madalla da wannan. Sai dai an ajiye maganar a Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kansa. Uwar da ta kwana uku ba ta ɗora tukunya ba tana da haƙƙi, amma babu alƙalin da zai tambayi kowa dalili. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Gugan kuwa yana hannunku. Abu na 60(a) a jerin ikon da aka keɓe wa tarayya ya ba ku damar yin dokar da za ta tilasta aiki da abin da ke Babi na Biyu, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan iko a 2002, a shari'ar jihar Ondo da gwamnatin tarayya kan dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci. Ilimin firamare kyauta ma a wannan babi yake, amma da kuka yi masa doka a 2004 sai ya zama abin da ake iya nema a gaban alƙali. Ga kuma alkawuran waje: Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa a 1993, wadda sashenta na 11 ya ambaci kuɓuta daga yunwa, sannan a 2001 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka, a ƙarar da aka kai kan ƙasar Ogoni, ta ce haƙƙin abinci yana cikin Yarjejeniyar Afirka da mu ma muka mayar dokar gida. Alkawari dai ya wadata. Abin da babu shi ne doka mai cewa wa zai samu, nawa, yaushe, daga hannun wa, kuma ina zai kai kuka idan bai samu ba.

Mun san abin da wasunku za su ce: ƙasar nan ta jari-hujja ce, abinci haja ne, gwamnati ba ta noma. Cikinmu akwai masu cin abinci da kasuwar, don haka ba mu zo zaginta ba. Kasuwa ce ke ɗauko masara daga Saminaka ta kai Legas, ta tara gero da wake a Dawanau ta watsa su har Nijar da Chadi, ba tare da wani babban sakatare ya sa hannu a takarda ba. Wannan aiki babu ma'aikatar da za ta iya shi. Amma kasuwa kunne ɗaya gare ta, kuɗi take ji. Mai kiwon kaji dubu goma da bazawara mai 'ya'ya biyar masara ɗaya suke taya, kuma kowa ya san wanda dillali zai sallama wa. Ɗan kasuwa bai yi laifi ba don ya sayar wa wanda ya fi biya. Laifin yana kan ƙasar da ta bar numfashin yaro ga sakamakon wannan ciniki.

Ku dubi yadda shekara take juyawa a gidan ƙaramin manomi. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kowa ya girbe a lokaci guda, kowa kuma bashi na jiransa: na taki, na ƙwadago, kuɗin makaranta, ga biki. Sai ya kai buhuna kasuwar ƙauye a lokacin da hatsi ya fi araha a duk shekara. Mai kuɗi ya saya ya ajiye. Da an shiga Yuni rumbu ya fara ƙara kamar ganga, aikin gona ya kankama, jiki na neman abinci fiye da kullum, sai manomin nan ya dawo yana sayen hatsin da ya noma, tiya-tiya, da tsada. In babu kuɗi ya ci bashin buhu a kan zai biya da ƙari idan an girbe, ko ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani, ciyawa ta cinye tasa, amfanin baɗi ya ragu tun kafin a yanke shi. Akuyar matarsa kuwa a wannan lokaci take faɗuwa, domin kowa na sayar da tasa. Zuwa marka, a gidaje da yawa girki ya koma sau ɗaya, an cika shi da tafasa da rama. Duk wannan a shekarar da ruwa ya yi kyau ke nan.

Maƙwabtanmu sun ga ƙarshen wannan hanya a 2005. Fari da fara sun taɓa amfanin Nijar a 2004, amma gibin bai kai girman bala'in da ya biyo baya ba. Hatsi yana nan a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, farashi ne ya tsere wa mutane. Hukumomi suka daɗe suna tsoron rabon kyauta don kada a ɓata kasuwa, suka tsaya a kan sayarwa da rangwame ga mutanen da ko rangwamen ba su da kuɗinsa. Yara suka cika cibiyoyin tamowa a yankin da ya fi ko'ina noma a ƙasar. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna irin haka game da yunwar Bengal ta 1943: mutane na iya mutuwa da yunwa alhali abinci na nan, idan abin da ke hannunsu ya daina iya sayensa.

Mu ma mun ɗanɗana. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a 2024. An ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci tun Yulin 2023. A Fabrairun 2024 mata suka fito titi a Minna, masu gurasa suka fito a Kano. Gwamnati ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa. A kunne adadin yana da girma. Amma ƙiyasin da gwamnati ke yi tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna sama da mutum miliyan 30 ne ke shiga matsananciyar yunwa a tsakiyar damina. Ku raba da kanku: kilo ɗaya da 'yan kai ga kowane mutum, wato kusan rabin tiya, sau ɗaya tak.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ake rabon. A Disamban 2024, cikin 'yan kwanaki, yara 35 suka mutu a turmutsutsu a Ibadan, wasu mutane a Okija ta jihar Anambra, wasu a Abuja, duk wajen neman abin sawa a baki. Masu bayarwar da niyyar alheri suka fito. Amma wanda bai san ko zai samu ba, bai san ko za a sake ba, dole ya kwana a bakin ƙofa, dole ya yi ture. Wanda ya san sunansa na cikin rajista, kasonsa na jiransa ranar Talata ko ya zo da hantsi ko da la'asar, ba shi da dalilin taka ɗan wani. Bambancin sadaka da haƙƙi a aikace ke nan, kuma shi ya sa muke neman doka maimakon ƙarin tirelolin shinkafa da ake raba wa gwamnoni.

Ba sabon abu muke roƙo ba, ƙasashe masu jari-hujja sun yi. A Indiya Kotun Ƙoli ce ta fara a 2001, lokacin da rumbunan gwamnati ke cike mutane na fama da yunwa, ta umarci jihohi su riƙa dafa wa 'yan firamare abincin rana. A 2013 majalisa ta yi doka: kilo 5 na hatsi ga kowane mutum a wata da farashi kaɗan, har zuwa kashi 75 na mutanen karkara da kashi 50 na birane, gidajen da suka fi talauci kuma kilo 35. Sunan babbar mace a gida ake sa wa a katin. Wanda bai samu kasonsa ba doka ta ce a biya shi kuɗi. Tsarin nasu yana yoyo, ana karkatar da kaya, ba mu ce aljanna ba ce. Amma kasuwar hatsi ba ta mutu a Indiya ba, ita ce ma ta fi kowa fitar da shinkafa waje. Brazil ta sa abinci cikin tsarin mulkinta a 2010, kuma a 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta wajen saye daga ƙananan manoma.

To ga lissafin namu. Babban mutum na buƙatar kusan giram 400 na hatsi a rana, ban da wake da mai, wato kilo 12 a wata. Kilo 5, tiya biyu ke nan, bai kai rabin abin da jiki ke nema ba, amma ga gida mai mutum shida ya zama tiya 12 a wata, kuma shi ne ke hana a sayar da akuya ko a bar gona. Mutum miliyan 30, kilo 5, wata uku na Yuni da Yuli da Agusta: tan 450,000. Tirela 15,000 masu ɗaukar tan 30. Rumbunan zamani 33 da gwamnatin tarayya ta gina an tsara su ne su ɗauki kusan tan miliyan 1.3, ko da yake an ba kamfanoni hayar da yawa daga cikinsu. Wuri akwai. Doka ta faɗi mafi ƙarancin abin da dole ya kasance a ajiye ranar 1 ga Mayu ta kowace shekara, ta wajabta wa minista ya kawo muku adadin kowane rumbu a rubuce, a kuma bar 'yan jarida su je su gani da ido. Kada a manta ba kowa ke cin abu ɗaya ba: Sakkwato gero, Kaduna masara, kudu garin rogo.

Lokacin saye shi ne rabin aikin. Gwamnati ta saya da kaka, da farashin da aka sanar tun kafin shuka, a wuraren da manomi zai iya kai buhu biyar a amalanke ya karɓi kuɗinsa cikin mako. Hakan na tallafar farashi a lokacin da yake durƙushewa, kamar yadda ya faru a 2025 da hatsi ya faɗi taki bai faɗi ba, manoma da yawa suka kasa mayar da abin da suka zuba. In kuwa aka jira sai Afrilu aka ba ɗan kwangila, zai shiga kasuwa ɗaya da talaka, ya ƙara wa wuta mai. Mun san tarihin hukumomin sayen amfanin gona da aka rushe a 1986, da yadda suka riƙa danne manomi da farashi. Don haka kada a tilasta wa kowa sayarwa. Mai son Dawanau ya tafi Dawanau. Gwamnati ta zama mai saye na ƙarshe kawai.

Sai ajiya, inda dukiyar jama'a ta fi salwanta ba tare da ɓarawo ya taɓa ta ba. Masarar da za a ajiye kada danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100. Kowace cibiyar saye ta mallaki na'urar awon danshi. Inda babu, akwai gwajin da kowa zai iya: a zuba busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a ƙara hatsi, a rufe, a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba. Ɗan kwangila na son ɗanyen hatsi domin ya fi nauyi a sikeli, wato ruwa yake sayar wa gwamnati. Bayan 'yan makonni tsakiyar tarin ya ɗau zafi, ya yi fumfuna, fumfunar kuma na haifar da gubar afulatokzin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Buhuna su hau katako, kada su taɓa siminti, a bar kamar mita ɗaya tsakaninsu da bango don iska da dubawa. Ƙwayar turaren ƙwari a ƙarƙashin leda marar huji ake sa ta, a danne gefenta, a bar ta mako guda. Masu ƙulle ta a tsumma su cusa a buhu suna kashe raunanan ƙwari ne, su bar masu taurin kai su hayayyafa, su kuma jefa masu kwana kusa cikin haɗari. Wake kuwa buhun nan mai leda biyu a ciki ya ishe shi ba tare da magani ba, muddin an matse iska an ɗaure kowace leda daban. Zuba wa wake fiya-fiya ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015, mu kuma muna ci. Wanda ya fara shiga rumbu shi ya fara fita. A juya kamar sulusin ajiyar kowace shekara ta hanyar makarantu, asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira. Kowa ya tuna Oktoban 2020, da jama'a suka fasa ɗakunan ajiyar tallafin korona suka tarar da kaya jibge, wasu har sun lalace.

Manomanmu ma suna da abin koyarwa a nan. Geron da aka ajiye a dami cikin rumbu ya fi sussukakke daɗewa, kuma shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba Masar ke nan: abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa. Dokar ta tallafa wa rumbunan unguwa, ta kuma buɗe hanyar da aka gwada a Nijar, inda ƙungiyar manoma ke kulle hatsi a ɗaki mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun mai ba da rance, manomi ya karɓi bashi a kan buhunsa, ya sayar sai farashi ya tashi.

Rajista kuma a karanta ta a bainar jama'a a ƙofar mai unguwa, a manna ta, a ba da mako biyu na ƙorafi. Kati da sunan uwar gida. Rana sananniya, wuri sananne, sikeli a gaban mai karɓa, domin buhun da aka zare wa tiya biyu da allurar ɗinki ba a gane shi da ido. Hoton ɗan siyasa a jikin buhu ya zama laifi. Inda kasuwa ke ci sosai, kamar birane, kuɗi ya fi hatsi sauƙin kaiwa, da sharaɗin a ɗaure shi da farashin tiya na watan, in ba haka ba hauhawa ta cinye shi. Ita ce ta cinye shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 da naira 70 kan kowane yaro, har ƙwai ɗaya ya koma na yara da yawa, kafin a dakatar da shirin a farkon 2024.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyar hatsi kaɗai ba ya ceton su. Ana auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi uku. In ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja, tamowa mai tsanani ke nan, zawo ko ƙyanda na iya ɗauke shi cikin kwanaki. Maganinsa sananne ne, haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari a 'yar leda mai giram 92, kuma katan ɗaya mai guda 150 kan isa warkar da yaro cikin mako shida zuwa takwas. Abin da ke lalata aikin shi ne yankewar kaya a tsakiyar magani, da raba ledar da 'yan uwansa domin su ma ba su ci ba, da ganinta a tebur a kasuwa. Akasarin kuɗin wannan magani daga waje yake zuwa, kuma da masu bayarwa suka janye hannu a 2025 an ga sakamako: ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Dokar ta sa maganin tamowa cikin kasafin kuɗi a matsayin wajibi, kamar albashi.

Abu ɗaya muke gargaɗi a kansa: kada a ɗauka ƙayyade farashi da rufe ɗakunan ajiya su ne haƙƙin abinci. Musulunci ya haramta ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a, amma da aka nemi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanke farashi a Madina bai yi ba. Wanda ya sayi hatsi da kaka ya sayar da damina yana yin aikin da in bai yi ba babu hatsi a Agusta. In aka bi shi da kwaɗo da 'yan sanda, baɗi ba zai ajiye ba, ko ya tsallaka iyaka da kayansa cikin dare. Maganin mai ɓoyo shi ne ya san gwamnati na da tan dubu ɗaruruwa da za ta saki da zarar tiya ta haura wani farashi da aka sanar. Halifa Umar a yunwar Shekarar Toka ayarin abinci ya nemo daga Masar da Sham, ya ciyar da mutane daga baitulmali.

Kuma duk wannan ba zai tsaya ba idan manomi a Zamfara da Katsina da Sakkwato sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, ko a yanka shi a gonar shinkafa kamar yadda aka yi a Zabarmari a 2020. Dokar ta bayyana cewa wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa yana sahun farko na masu kaso.

Buƙatarmu gare ku, masu girma, ita ce kwamitocin noma da na shari'a na majalisun biyu su gabatar da ƙudurin Dokar Haƙƙin Abinci, a yi sauraron jama'a a kansa a Dawanau da Maiduguri da kasuwar Bodija ta Ibadan, ba a otal a Abuja kaɗai ba. A cikinsa a naɗa jami'in karɓar ƙorafi a kowace ƙaramar hukuma, a ba shi kwana 30 ya amsa, a biya diyya ga wanda aka hana kasonsa, a kuma ba shi ikon zuwa Babbar Kotu shi kaɗai ko ta hannun ƙungiya. In ana son hatsin farko ya shiga rumbu da kakar da ke tafe, sai kuɗin sayensa ya shiga kasafin da za a kawo gabanku.

Wassalam.

Daga wasu 'yan kasuwar hatsi, masu kula da ajiya, malaman gona da ma'aikatan lafiyar yara.